Idan bango mai zane ya faɗi

Kowace damina bango yana faɗuwa a ƙasarmu. Nan Hawandawaki haka ne, Tasawa haka ne, Mayahi ma haka. Ruwa ya kwana yana zuba, da safe sai ka ji an ce katangar gidan wane ta zube, ko zauren wane ya rabe biyu. In ba a yi hasarar rai ba, sai a yi hamdala. Daga nan a ɗauko shebur da amalanke, a tara ƙasar wuri ɗaya. In rani ya yi a jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, a sake gini da ita. Ba laifi. Ƙasa ce ta koma ƙasa.

Amma akwai bangon da ba ƙasa kaɗai ba ne. Shi ne bango mai zane. Duk wanda ya taɓa zuwa Damagaram, ya shiga unguwar Birni, ya ga irinsa. Ƙofar gida an yi mata ado tun daga ƙasa har zuwa zankwaye. Ga dagi, ga takobi, ga wata da tauraro. Wani zanen an tona shi cikin yaɓe, wani an ɗora shi ya fito kamar jijiyar hannu, wani an shafa masa launi, ja da fari da shuɗi. A ƙauyukanmu ma akan tarar da ɗan kaɗan: a tsohon zauren maigari, ko bisa ƙofar masallaci, ko cikin ɗakin wata tsohuwa da ta yi wa bangonta ado da farar ƙasa da jar ƙasa tun tana amarya. Irin wannan bango in ya faɗi aka kwashe shi da shebur, ana iya tada wani a gurbinsa cikin ƴan kwanaki. Zanen kuwa ba ya dawowa, don sau da yawa mai hannun da ya yi shi ya daɗe da rasuwa.

Ko manyan gine-gine ba su tsira ba. A watan Satumba na 2024 ruwa mai yawa ya sauka a Damagaram, tsohon masallacin Birni ya rushe. Ginin ƙasa ne, ya yi shekara fiye da 170 a tsaye. Kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta wa masallata, mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan masallaci kuwa, Muhammadu Durugu ne ya gina shi, wanda ake ce wa Babban Gwani, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ginshiƙansa da bakan gizonsa duk zane ne.

To, in abu irin wannan ya auku, me ake yi da ɓaraguzan? Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ba su da wata: tsintar gutsattsarin bango mai zane, su harhaɗa shi ya koma yadda yake. Mafi yawansu a ƙasashen Turai suke, kuma a bangon Rumawa suka ƙware. Bari mu ga yadda suke yi, sannan mu dawo gida.

Bangon Rumawa

Rum birni ne a ƙasar Italiya. Shekara 2000 da suka wuce, mutanensa ne ke mulkin ƙasashe da yawa, tun daga Ingila har Masar. Masu hali daga cikinsu suna son ado a cikin ɗaki. Sukan sa a zana musu itatuwa da tsuntsaye da ƴaƴan itace da mutane, bango duka huɗu.

Yaɓensu ba irin namu ba ne. Akwai wani farin dutse, irin wanda ake haƙowa a Malbaza ana yin siminti da shi. Rumawa sukan ƙona wannan dutse, su jiƙa shi da ruwa ya zama kamar fura mai kauri, su gauraya da rairayi su yi yaɓe. Ba shafi ɗaya ba. Wani masanin gini nasu mai suna Bitirubiyus ya rubuta cewa bangon kirki yana son shafi uku masu rairayi, da wasu uku na garin dutse mai laushi a kai. Tun shafi na ƙarshe yana ɗanye mai zane zai hau aiki. Dole ya yi sauri. Yayin da yaɓen ke shan iska, sai ya sake komawa dutse, ya kama launin ya riƙe shi a jikinsa. Shi ya sa launin ba ya gogewa kamar na fenti.

Ja da ruwan ɗorawa daga ƙasa suke samunsu, kamar mu. Baƙi daga kunkunniya ko gawayi. Shuɗi kuwa haɗa shi ake yi a wuta, dabarar mutanen Masar ce: rairayi, da tagulla, da farin dutsen nan, da kanwa. Kanwa dai irin wadda muka sani, ƴar uwar wadda ake kawo mana daga Manga.

A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wani dutse mai aman wuta da ake kira Besubiyo ya yi aman toka. Tokar ta binne wani gari mai suna Fomfeyi, gidaje da mutane da dabbobi. Garin ya zauna a ƙarƙashin ƙasa har 1748, lokacin da aka fara tono shi. Da aka kwashe tokar, sai ga zane a bango kamar jiya aka yi shi.

Abin da toka ta tsare shekara fiye da 1600, mutane suka fara ɓata shi cikin ƴan shekaru. Masu tonon farko sukan yanke hoton da ya burge su daga jikin bango, su kai wa sarki. Da yawa daga cikin waɗannan suna gidan tarihi na birnin Nafoli. Wanda aka bari a fili kuwa, rana da ruwa suka ci shi. Daga baya wasu suka riƙa shafa wa zanen kakin zuma, wai don ya yi sheƙi. Kakin ya kama ƙura, ya dushe, ya hana bango fitar da laima. Wasu kuma suka yi gyara da siminti. Akwai wani gini a garin da bam ya faɗa wa a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi aka ɗora masa rufin kankare mai nauyi. A watan Nuwamba na 2010, bayan ruwa mai yawa, ginin ya zube da zanensa. Sai a 2019 aka sake buɗe wurin ga jama'a, bayan an ceto abin da ya ceto.

Ku lura da wannan. Duk waɗanda suka shafa kaki da waɗanda suka zuba kankare, gyara suka yi nufi.

Ramin Landan

Ga wani labari na kusa. A birnin Landan, ana shirin gina manyan benaye a wata unguwa kudu da kogi, sai masu binciken kayan tarihi suka tarar da wani rami cike da gutsattsarin yaɓe, dubbai. Wani gidan Rumawa ne aka rushe fiye da shekara 1800 da suka wuce, aka zuba ɓaraguzansa a rami, kamar yadda mu ma muke cike kududdufi da su. Aka kwashe su a hankali aka kai ɗakin aiki. Wani ma'aikaci mai suna Han Li ya yi wata uku yana jera su yana gwadawa. A 2025 aka nuna wa duniya abin da ya fito: yaɓen bango wajen 20, mai launin ruwan ɗorawa, da tsuntsaye da furanni da ƴaƴan itace, da wani abin kiɗa mai tsirkiya.

Abu biyu a cikin gutsattsarin nan sun shafe mu, mu masu koyon karatu. Na ɗaya, wani ya karce haruffan Girkanci a jikin bangon, a jere, kusan dukansu, kamar yadda muke jera a, b, ɓ, c a allo. Na biyu, mai zanen ya sa hannu a aikinsa. An sami guntun da ya rubuta wata kalma ta harshensu, mai ma'anar "shi ya yi". Amma daidai wurin da sunansa yake, yaɓen ya karye. Kalmar ta tsira, sunan ya tafi.

Yadda ake harhaɗawa

Aikin yana farawa tun kafin a ɗaga guntu ko ɗaya. Sai an ɗauki hoton tarin yadda ya faɗi. A raba wurin gida-gida da igiya, kowane gida da lambarsa. Abin da aka tsinta a gida na 4, akwati na 4 zai shiga. Dalili shi ne, gutsattsarin da suka kwanta kusa da juna a ƙasa, galibi maƙwabta ne a bango. Wanda ya share su wuri ɗaya da tsintsiya ya ninka wa mai gyara wahala sau goma.

A ɗakin aiki sai a shimfiɗa su bisa tebur, fuska sama. A share ƙura da buroshi mai laushi. A ware ja gefe, baƙi gefe, masu layi gefe. Daga nan sai ido da haƙuri. Kun san yadda mai ɗinkin ƙwarya ke juya ɓari biyu har bakinsu ya haɗu? Haka ne, sai dai nan ɓari dubu ne, kuma wasu sun ɓace har abada. Mai aikin ba fuskar guntu kaɗai yake dubawa ba. Yakan juya bayansa. Kaurin yaɓe, da irin rairayin da ke ciki, da sawun kara ko tubalin da yaɓen ya kwanta a kai, duk suna faɗa masa daga wane bango guntun ya fito. In biyu suka dace, sai a kafa su a cikin tire mai rairayi don su tsaya daidai, a manna su.

Suna da ƙa'ida a kan abin mannawa: dole ya zama wanda za a iya narkarwa a cire gobe, ba tare da an karya guntun ba. Sun koyi wannan daga ɓarnar kaki da siminti. Wanda zai zo bayanka, watakila ya fi ka sani.

Saura wuraren da babu gutsattsarinsu. Nan ne ake gane mai gaskiya. Mai gyara yana iya zana kan tsuntsun da ya ɓace, ya yi kyau, kowa ya yaba. Amma ƙarya ce, don bai san yadda kan yake ba. Shi ya sa ake cike gurbin da yaɓe mara zane. In kuma gurbin ƙarami ne, kuma an tabbata da abin da ke wurin, sai a cike shi da ƴan siraran layuka a tsaye. Daga nesa ido zai ga hoto cikakke. In ka matso kusa, za ka gane wannan tsohon hannu ne, wannan sabo. A wata makarantar gyaran kayan tarihi da aka kafa a birnin Rum a 1939 aka fito da wannan dabara. Yanzu har na'ura mai hannu da ido an gwada a Fomfeyi, cikin wani aiki da aka fara a 2021, don ta taya mutane neman guntun da ya dace da ɗan uwansa.

Namu bangon

Kada mu ruɗi kanmu. Bangonmu ba na Rumawa ba ne. Nasu yaɓen ya koma dutse, shi ya sa ya kwana a rami shekara 1800 ya fito da launinsa. Namu ƙasa ce da ciyawa. Guntun yaɓenmu in ya kwana ɗaya cikin ruwa, taɓo ne. Su suna da shekaru su yi tunani. Mu kuwa daga wannan ruwa zuwa na gaba muke da shi.

Saboda haka rabin aikinmu kafin faɗuwa ne. Tsoffin magina sukan ce ginin ƙasa ta ka da ta ƙafa yake mutuwa. Ta ka, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya riƙa bin bango. Ta ƙafa, in ruwa yana kwanciya a gindi, ƙasa ta sha, gishiri ya hau yana cin yaɓe har gindin ya rame. Ga gara kuma tana aikinta a ɓoye cikin azara. Gyaran indararo, da cike gindin bango yadda ruwa zai gangara waje, aikin yini ɗaya ne kafin damina.

Kakanninmu suna da nasu maganin ruwa. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwan a yi yaɓe. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Ba sa dawwama, sai ana sabuntawa. Amma suna tafiya da ƙasa, suna barin bango ya sha iska. Siminti ba haka yake ba. In an shafa shi a bangon ƙasa, shekara ta farko sai ka ce an huta. Alhali ba ya kama ƙasa da gaske. Ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita. Bango yana ruɓewa a ciki, fuska tana nan sumul. Ranar da zai ɓanɓare, falle guda zai sauko, da zanen da ke ƙarƙashinsa. Ni a ganina, bangon ƙasa mai zane gara a bar shi da tsufansa da a rufe shi da siminti.

To, in duk da haka ya faɗi fa? Rai ne farko. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da ya rage a tsaye sai magini ya duba, ya tokare. A hana yara da awaki hawa tarin. In akwai mai salula, ya ɗauki hoto ta kowane gefe kafin a taɓa komai. A rufe tarin da leda ko tabarmi saboda ruwan dare. Sannan a tsinci masu zane da hannu biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na gefen gabas daban, na tsakiya daban, na yamma daban. A ajiye su cikin ɗaki mara yoyo, bisa gado ko katako da aka baza wa busasshen rairayi, fuska sama, kada a ɗora wani kan wani. Ba a ajiye su a ƙasa, saboda gara da laima. Ba a wanke su, ko da tsumma mai danshi. Gashin kaza ya isa share ƙura. Kada a manna da gam na kanti. In za a maida guntu a bango, da irin ƙasar da aka yi shi za a kafa shi, kuma aikin magini ne.

Nan karatunmu yake da rana. Kowane guntu a sa masa ƴar takarda a ƙarƙashi mai lamba. A cikin kaye a rubuta: lamba 7, daga saman ƙofa, hannun dama. Wanda bai iya rubutu ba, dole ya riƙe wannan duka a ka, kuma bayan wata biyu ya manta.

Gaskiya ita ce, yawancin gutsattsarin ƙasa ba za su koma bango ba. Sun cika taushi. Amma manya biyu ko uku da aka adana sun isa su nuna wa sabon magini zurfin zanen, da faɗin layi, da ainihin launin. A nan hanyarmu ta rabu da ta Turawa. Su ba su yarda a sake zana abin da ya ɓace ba, don masu zanen Rum sun ƙare, ba wanda ya gaje su. Mu namu ba su ƙare ba tukuna. A Yama, cikin jahar Tawa, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 ginin ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan. A Agadas har yau ana yi wa hasumiyar masallaci yaɓe, mai tsawon mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Gidan da mutane ke ciki, in maginin da ya gaji sana'ar ya sabunta zanensa yadda yake, ban ga ƙarya a ciki ba. Haka aka saba tun da. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance yana da abin dubawa.

Abin dubawar nan, tun bango yana tsaye ake tanadinsa. Masallacin Zariya, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dumocoski ya auna shi, ya zana shi a takarda. Da wannan awo aka gina irinsa a gidan tarihi na Jos. Mu ba sai mun kai haka ba. A sami mita ko sanda da aka san tsawonta, a jingina a bango a ɗauki hoto, don a san girman zanen. Hoton kuma a wanke shi a takarda, don salula tana ɓata, tana lalacewa. Ana iya ɗora farar leda a kan zanen, a bi layukan da bik a hankali ba tare da dannawa ba, a naɗe a ajiye.

Sai suna. Na Zariya an san shi, Babban Gwani. Na Landan ya karye tare da yaɓe. Na zauren garinku fa? Watakila akwai tsoho ɗaya ko biyu da suka ga lokacin da ake yinsa, suna yara masu ɗauko ruwa. A je a gaishe su a tambaya: Baba, wa ya yi wannan zane? Daga wane gari ya zo? Zamanin wane maigari? Shekarar kafin wace yunwa ce ko bayanta? Daga wane rami aka ɗebo ƙasar? Wannan tambaya ta ƙarshe magini zai fi bukata, ranar da za a yi gyara.

Tambayoyi

1. Me ya sa yaɓen Rumawa yake daɗewa a cikin ƙasa, namu ba ya daɗewa?
2. Don me ba a share gutsattsarin bango wuri ɗaya da tsintsiya?
3. Wace ɓarna siminti ke yi wa bangon ƙasa?
4. Mai gyara ya tarar kan tsuntsu ya ɓace daga zane. Me zai yi? Kun yarda da shi? Ku tattauna.

Aiki: ku je biyu-biyu ku nemo bango ko ƙofa mai zane a garinku. Ku kwaikwayi zanen a kaye. A ƙarƙashinsa ku rubuta sunan unguwa, da kwanan wata, da sunan maginin in an sani. Ku duba indararon gidan da gindin bangon, ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla uku.